Ragon da Ba Ya Kuka

A shekarar da nake aji biyu a makarantar koyon harkokin kasuwanci ta nan Jalingo, Babbar Sallah ta faɗo ne a farkon damina. Ruwan fari ya riga ya sauka, duwatsun da suka kewaye gari sun fara sauya riga, mangwaro kuma ya yi yawa har yara sun daina jifa, sai dai su zauna a gindi su jira ya faɗo da kansa. Ba a daɗe da ba mu jiha ba a lokacin. Gari yana ta cika da baƙin fuskoki da sababbin ofisoshi, amma unguwarmu ta Turaki tana nan yadda na buɗe ido na gan ta.

Baba ya yi ritaya daga aikin akawu, kuma a Sallar da ta gabata bai samu ikon yin layya ba. Bai taɓa ta da maganar ba. Ni dai na tuna yadda ya dawo daga idi ya shige ɗaki ya ce kansa na ciwo, maƙwabta suna ta aiko da nama, mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, tana karɓa tana godiya da murya ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar ya daina sa madara a shayi, ya daina sayen jarida, sai ya jira maƙwabcinmu ya gama da tasa. Duk mun san dalili, ba wanda ya faɗa.

Shi ya sa bai jira kasuwa ta yi zafi ba. Akwai wani manomi ɗan ƙabilar Mumuye da ke zaune a ƙauye can bayan Nukkai, wanda ya shekara da shekaru yana kai wa su Baba doya a ofis. Baba ya aika masa, shi kuma wata safiya sai ga shi a ƙofar gida riƙe da igiya. Ni aka aika in kai musu ruwa a zaure, shi ya sa na ji cinikin da kunnena.

"Na layya nake so," in ji Baba. "Ka san abin ibada ne. Ba shi da wani aibi?"

"Babu komai, Malam. Duba ido, duba haƙori, duba ƙafa. A hannuna aka haife shi." Ya shafa wuyan ragon. "Kuma wannan ba ya damun mutum. Ka ɗaure shi bakin ɗakinka, ka yi barcinka."

Baba ya duba ɗin. Ya buɗe baki ya ga haƙora, ya ɗaga kunnuwa, ya kama wutsiya, ya sa aka zagaya da shi ko zai ga ɗingishi. Ya taya, mutumin ya ce albarka. Ya ƙara, ya sake cewa albarka. Suka tsaya suka yi hirar damina da tsadar taki, sannan suka koma. Daga ƙarshe mutumin ya ce ya sallama, ya miƙa wa Baba igiya, suka yi musafaha. Baba ya shigo da ragon tsakar gida yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar babban baƙo.

Fari ne sol, sai wani baƙin tabo da ya kewaye idonsa na hagu kamar an sa masa kwalli a ido ɗaya aka manta da ɗayan. Aka kafa masa turke a gindin bishiyar gwaiba, daidai inda nake shimfiɗa tabarma in yi karatu. Haka kiwonsa ya faɗo hannuna ba tare da an ce ni ce ba. Ina dama masa dusa da 'yar kanwa, ina ba shi harawa, in na sha mangwaro in miƙa masa ɓawon. Da yamma in karanta masa darasina da ƙarfi, shi kuma ya kwanta yana tuƙa, yana kallona kamar yana auna kowace jimla. Ban taɓa samun mai sauraro irinsa ba. Har waƙa na rubuta masa a bayan littafin darasi, wadda na gode Allah da ta ɓace.

Goggo ce ta fara lura. Yayar Baba ce, tana zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, kuma ba abin da ke wucewa ta gabanta bai sha magana ba. Tun da na fara darasin dokar kasuwanci ta daina kiran sunana, sai Lauya.

"Ke Lauya," ta ce, tana tsintar shinkafa a faifai. "Kin taɓa jin muryar wannan angon naki?"

Na buɗe baki zan ce e, sai na rufe. A makon nan unguwa duk ta cika da raguna. Na gidan gabas ya yi kuka, na yamma ya amsa, na bayan masallaci ya ɗora, kamar masu gaisuwa ta kan katanga. Namu kuwa, da na zuba masa ido, sai na ga yana ɗaga kai idan sun yi, ya buɗe baki, maƙogwaronsa ya motsa. Iska ce kawai take fita.

Dada ta ce baƙunta ce, zai sake. Goggo ta ce ita ba ta taɓa ganin baƙuntar da ke hana rago neman abinci da baki ba, a gwada shi. Aka jinkirta masa dusa har rana ta yi sama. Ya tsaya yana kallona, yana buga ƙafa, yana buɗe baki, ni kuma ina jin kamar in yi kukan a madadinsa. Aka aro tunkiyar maƙwabta aka ɗaure nesa kaɗan da shi. Ya ja igiya har turke ya girgiza, amma shiru. Goggo ta lallaɓo ta bayansa ta buga murfin tukunya da ludayi. Kaji suka watse, Dada ta zubar da ruwan da ke hannunta, rago ya yi tsalle ya juyo yana kallonta da mamaki. Da ta ga haka sai ta tsuguna a gabansa, mace mai jikoki, ta dafa gwiwa ta ce, "Meee! Haka ake yi, ɗan banza. Meee!"

Na yi dariya har na kwanta a tabarma. Dada ta toshe baki da gefen zane. Muna cikin haka Baba ya yi sallama, ya tarar da yayarsa tana koya wa rago kuka. Ya yi dariya shi ma, amma tasa ba ta daɗe ba.

Bayan la'asar ya tsaya ya tambayi limamin unguwa. Liman ya ce a karatun da suka yi, bebiyar dabba tana cikin waɗanda ba sa isarwa a layya, ko da yake akwai malaman da suka sassauta. Baba ya dawo ya zauna a kujerarsa ta katako, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Sallah ta matso, raguna sun yi tsadar da ko kusa ba zai iya sayen wani ba. Abin da ya tara shekara guda yana nan a gindin gwaiba yana tuƙa.

"Ba zan yanka ina kokwanto ba," ya ce.

"To ka mayar masa!" in ji Goggo. "Ya cuce ka. Ya san abinsa sarai. Ka kai shi gaban alƙali, ga lauya a gida, ba sai ka biya ba."

"Adda," in ji Baba, don haka yake kiran yayarsa, "mutumin nan bai taɓa sa mini ruɓaɓɓiyar doya a ƙasan buhu ba. Kuma na duba da idona, na karɓi igiya da hannuna. An yi sallama. Yanzu in je ƙofar gidansa in ce masa maƙaryaci?"

A nan abin ya tsaya masa. A wurin Baba, mayar da kaya bayan sallama daidai yake da kiran mutum macuci a gaban iyalinsa, kuma ya gwammace ya sake shiga ɗaki ranar Sallah da ya yi haka.

Ni ba mai magana ba ce a gaban manya. Amma a zangon nan malaminmu ya sha nanata mana wannan babi, wani dogon mutum mai alli a gashin gira, wanda ke kawo misalansa duka daga kasuwar gari. Ya ce idan mai lemo ta ce lemonta ya fi zuma zaƙi, wannan kirari ne, ba wanda zai kai ta ƙara. Amma idan ka tambaye ta ko yau aka tsinko shi ta ce e, kai kuma saboda wannan amsar ka saya, to ta faɗi magana ce da ake iya tabbatarwa, kuma cinikin a kanta ya tsaya. Ya ce maganar da ba daidai ba iri-iri ce. Akwai wanda ya san ƙarya yake yi, akwai wanda bai damu ya bincika ba, akwai kuma wanda ya faɗa da zuciya ɗaya yana zaton gaskiya ce.

Na matso na durƙusa kusa da kujerar. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Baba, ko da bai yi ƙarya ba, ana iya warware ciniki."

"Kamar yaya, Uwata?"

"Ka gaya masa na layya kake so, na ji. Ka tambaye shi aibi, ya ce babu, kai kuma a kan haka ka saya. Rashin murya ba abin da ake gani a ido ko a haƙori ba ne, balle a ce ka duba. In shi bai san aibi ba ne a wurinmu, to bai cuce ka ba, kuskure ya yi. Mai kuskure ba a ce masa komai. Kaya ne kawai yake komawa, kowa ya koma inda yake kafin ciniki."

Baba ya juya hular a gwiwarsa. "Wato littafinku bai ce sai na kira shi macuci ba?"

"Bai ce ba. Amma ya ce kada a daɗe bayan an gane, kuma a mayar da kaya yadda aka karɓa."

Ya ce ai malamai ma sun yi maganar aibin da ya ɓuya, ya sani tun yana yaro, kunya ce ta rufe masa ido. Sannan ya mayar da hular kansa. "In dai ba sai na zarge shi ba, zan iya zuwa."

"Kun gani?" in ji Goggo. "Kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Ni dai na ce macuci ne."

Washegari da safe na tarar Dada ta kwaɓa lalle za ta shafa wa ragon a goshi, yadda take yi wa na kowace shekara, wai ko ba komai ya koma gida da kwalliya. Na riƙe hannunta ina dariya na ce a bar shi yadda ya zo. Ta ce to, ni in zo ta sa mini, kada lallenta ya lalace. Haka na tafi da jan tafin hannu.

Ba a shirya da ni za a je ba. Wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura zai kai taki wajen, ya ce zai rage mana hanya. Amma rago ya kafe ya ƙi hawa. Aka ja, aka tura, ya zauna da gindi. Sai da na hau na miƙo masa ɓawon mangwaro sannan ya bi ni. Baba ya ce to, Uwata, sai ki raka baƙonki.

Na zauna a kan buhun taki, kansa a cinyata. Muka wuce Nukkai, muka haye ruwa inda mata ke wanki sun shanya zannuwa a kan yashi kala-kala. Daga nan gari ya ƙare, gonaki suka fara, tulin doya jere-jere har gindin dutse, kowanne da 'yar hular ciyawa a kansa. Iska tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ina murna Baba zai samu mafita, ina kuma baƙin cikin rabuwa da ragon, ban san wanne ya fi yawa ba.

Mun tarar da manomin yana gyaran ƙotar fartanya a ƙofar gida. Da ya ga ragon sai ya miƙe tsaye.

"Lafiya, Malam? Ba ya cin abinci?"

"Yana ci. Har ya fi ni ci."

Aka kawo benci, aka gaisa, aka tambayi iyali da gona. Baba ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya iso. Ya fara da cewa bai zo da ƙorafi ba, kuma ya san da wanda yake hulɗa. Sannan ya yi bayanin cewa dabbar ibada tana da sharuɗɗa, kuma murya tana ciki.

Mutumin ya kalli Baba, ya kalli rago. "Kuka? Don ba ya kuka?" Ya riƙe kai. "Malam, tun yana ƙarami haka yake. Ni na ɗauka kyauta ce Allah ya yi masa! Shi ya sa ma na zaɓo maka shi. Na ce Malam dattijo ne, ba ya son hayaniya. Ai na gaya maka!"

"Ka ce ba ya damun mutum."

"To ai shi ne!"

Suka fashe da dariya su biyu, har Baba yana share ido da hannun riga. Amma da dariyar ta lafa sai mutumin ya sunkuyar da kai. Ya nuna gona da haɓa. Kuɗin ragon ya zama irin doya da taki, duk suna cikin ƙasa. Ya ce in Baba zai jira kaka, zai biya har da ƙari. Baba ya ce ba komai, ya gane. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sallah ba ta jiran kaka.

Daga bayan gida sai wata ƙara ta tashi, mai kauri, mai tsawo, kamar ana jan tsohuwar ƙofar ƙarfe. Baba ya ɗaga kai.

"Wancan fa?"

"Wancan ba nawa ba ne," in ji mutumin da sauri. "Na madam ne."

Matar tasa ta fito tana goge hannu a zane, gajeriya, kakkaura, da ɗan gicciye a wuya. Ashe duk tana ji. Ta gaishe da Baba da ladabi, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke ce 'yar makarantar? Ke kika kawo wannan magana, ko?" Na sunkuyar da kai. Ta ce ragonta na Kirsimeti ne, ba na sayarwa ba. Amma tana faɗa tana zagaya namu, tana taɓa bayansa. Ya fi nata girma, kowa ya gani.

"Wannan in ɓarawo ya zo, ko ƙala ba zai ce ba," ta ce.

"Amma ba ya cin tufafi," na ce, ban san lokacin da maganar ta fita ba. "Kuma yana jin magana."

"Ji ta! Ta iya talla." Ta juya ga Baba ta riƙe ƙugu. "To Baba, in musaya za a yi, yanzu kai ne mai sayarwa. Ni ban yarda da a dawo mini gobe ba. Faɗi aibin kayanka a gaban mutane."

Baba ya gyara zama, ya gyara murya kamar mai ba da shaida a kotu. "Bebe ne."

"Na ji, na yarda. Saura aibin nawa ragon." Ta fara lissafawa da yatsu. "Yana kuka safe da rana. Yana tunkuyi, ya taɓa kayar da wannan mutumin cikin kwata. Yana cin wanki a kan igiya, ya cinye mini gefen zanen zuwa coci. Ba ya son maza masu hula. Akwai wanda ya hana ibadarku a ciki?"

"Babu ko ɗaya," in ji Baba.

Aka jawo ragon matar, ja ne mai ɗan gajeren ƙaho, yana ta zunduma ihu kamar an taɓa masa dangi. Baba ya duba ido, ya duba haƙori, ya duba ƙafa da kunne da wutsiya, ragon kuma ya nemi hularsa da ƙaho, sai da ya riƙe ta da hannu ɗaya. Matar ta ce tunda namu ya fi girma ba za ta ci haƙƙin dattijo ba, ta ɗora mana ƙwaryar gyaɗa da damin harawa. Baba ya ƙi, ta ce in bai karɓa ba ta fasa. Ta kuma ce wannan farin ba za ta yanka shi ba, ya yi kyau da yawa, zai zauna cikin tumakinta ya ba ta 'ya'ya, in Allah ya so su gado halinsa gidanta ya huta. Kirsimeti kuma mijinta ya san inda zai nemo mata wani.

"Ni kuma?" in ji mijin.

"Kai ka sayar da rago ba ka tambayi sharaɗin ibadarsu ba."

Ta ce ta sallama, Baba ya ce ya sallama. Na kwance igiyarmu daga wuyan farin. Ya shinshina lallen hannuna, sannan ya hango tumakin da ya tashi cikinsu, ya nufe su da sauri bai waiwayo ba. Na ji haushi kaɗan, na kuma ji daɗi ƙwarai.

Jan ragon bai rufe baki ba tun daga ƙauyen har Turaki. Masu keke suna kaucewa, mata a bakin hanya suna juyowa. Baba yana gaba kusa da direba, ina hango shi ta gilashi yana ta murmushi shi kaɗai. Goggo ta tarye mu a zaure da yatsu a kunne.

"Wannan kuma wane bala'i kuka kwaso?"

"Mai murya kika ce, Adda."

"Na ce mai murya, ban ce mai shela ba! Lauya, babu dokar da ta ce a mayar da wannan?"

"An faɗa mana aibinsa, Goggo. Mun ji mun yarda."

Kafin Sallah ya cinye mata ɗankwali ɗaya da rabin tsintsiya.

Ranar idi an wayi gari da yayyafi, sannan rana ta fito. Baba ya dawo daga masallaci cikin farar rigarsa, bai ko zauna ba. Ya jira labari ya iso cewa liman ya yanka, ya naɗe hannun riga, ya yi abin da ya shekara yana jira. Ni na shige ɗaki lokacin, kamar kullum. Da na fito na same shi tsugune yana wanke hannu da buta, yana ba Dada umarni ba ƙaƙƙautawa: cinya ɗaya gidan gabas, haƙarƙari gidan mai a-kori-kura, kada a manta da tsohuwar bayan masallaci, a ware na ƙauye a soya shi da kyau don ya kai gobe. Dada ta ce, "Malam, rago ɗaya ne fa." Ya ce ya sani, a dai raba.

Ni aka ɗora wa tire. Na yini ina shiga gida-gida a Turaki da sabon zane, ina sallama, ina cewa, "Wai in ji Baba." Duk inda na dawo sai in tarar ya ƙirƙiro wani gidan da ba a kai wa ba. Da la'asar Goggo ta ɓoye hanta da ƙoda a ƙarƙashin kwando ta zauna a kai, ta ce duk mai so ya zo ya ɗaga ta.